Koyon Kiɗa da Girma: Abin da Nazari ya Tsallake, da Misali daga Gaya da Ajingi

Tun daga 1957, sa'ad da M. G. Smith ya buga maƙalarsa a kan roƙo da maroƙa a cikin mujallar Africa, nazarin kiɗan Hausa ya kama wata hanya wadda bai cika kauce mata ba. Mai bincike ya kan tafi fada, ko gidan biki, ko dandali, ya tarad da makaɗi ya riga ya gwanance, ya ɗauki kiɗansa, ya rubuta sunan abin kiɗan da sunan wanda a ke yi wa, sa'an nan ya tambaye shi inda ya samo sana'ar. Amsar kuwa galibi ɗaya ce, watau gado. Daga nan sai a rufe babin koyo a buɗe wani. Wannan takarda tana sukar wannan rufewa ne, domin an yi ta da gaggawa, har ta bar wani mutum a waje, shi ne wanda ya so kama kiɗa bayan ya girma, ba ubansa makaɗi ba, kuma ba shi da inda zai yi kuskure sai cikin gidan da ba ya so a ji shi.

Ba wai masu nazari ba su san da wannan mutum ba. Shi kansa Smith, a wata maƙala ta 1959 a kan darajojin jama'a a ƙasar Hausa, ya bambanta sana'ar da mutum ya gada, wadda ya ji ana ce wa karda, da wadda ya shiga da ƙafarsa, watau shigege, abin da a wasu wurare a ke kira haye. Haka kuma littafin David Ames da Anthony King na 1971, Glossary of Hausa Music and Its Social Contexts, wanda ɗayansu ya tattara kayansa a Zazzau ɗayan a Katsina, har yau babu mai nazarin kiɗan Hausa da zai wadatu ga barinsa. Fremont Besmer ya yi irin wannan hidima ga kiɗan fadar Kano, musamman a littafinsa na 1974 a kan kiɗan daren salla. A cikin Hausa kuma, Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau, na 1993, shi ne ya ba ɗalibai mazubin da su ke awon waƙa da shi. Duk waɗannan ayyuka ne na ƙwarai. Amma nauyinsu duka ya rinjaya wajen fage, inda gwani ya ke gaban jama'a. An san sunan ɗan haye, an san matsayinsa a idon mutane, amma yadda hannunsa ya tashi daga rashin iyawa zuwa iyawa, da inda ya yi wannan tafiya, da wanda ya ji shi yana yinta, wannan ba shi ne abin da littattafan suka sa a gaba ba.

Mai karatu zai iya cewa to, ina ruwan malamin kwaleji da wannan? Ruwansa kuwa babba ne, domin shi kansa shi ne mutumin da a ke magana. Malamin da a ke horarwa don ya koyar da waƙar baka a makaranta baligi ne, da wuya a sami wanda ya fito daga gidan makaɗa a cikinsu, kuma a kan miƙa masa waƙar da aka yi da kalangu ko kotso a rubuce a takarda, an tuɓe mata kiɗan, a ce ya fitar da jigo da salo. In ya yi zuciya ya ce bari ya san abin da ke ƙarƙashin kalmomin, sai ya tarad da kansa a matsayin ɗan haye, da iyali, da maƙwabta, da sunan malanta da ya ke tattali.

Ƙasar Gaya da maƙwabciyarta Ajingi, a gabashin Jihar Kano, bayan an ƙetare gadar Wudil, wuri ne da ya dace a duba al'amarin. Gaya tsohon gari ne ƙwarai. Ruwayar baka ma cewa ta yi daga can wani maƙeri mai suna Kano ya taso neman tama har ya sauka a gindin Dala, kuma littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarkin Gaya Farin Dutse da tawayen da ya yi a zamanin Sarkin Kano Dadi. Sarautar Gaya tana cikin manyan sarautun ƙasar Kano na dā, tare da Rano da Dutse da Ƙaraye. A 2019 aka mai da ita masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka soke wannan tsari, sa'an nan a cikin shekarar aka kafa ta a daraja ta biyu, Ajingi tana ƙarƙashinta. Saboda haka a ɗan wannan yanki akwai kiɗan fada, akwai kiɗan sana'a a kasuwanni, akwai kiɗan noma a ƙauyuka, akwai kuma makarantun allo da malamai masu faɗa a ji. Duk abin da ke jan mutum zuwa ga kiɗa yana nan, duk abin da ke sa ya ɓoye sha'awarsa ma yana nan.

A ɗauki misalin malamin firamare a wani ƙauyen Ajingi, mai shekara 35, da mata da 'ya'ya, ya sayi kalangu a hannun wani makaɗin mahauta. Me ya sa ba zai zauna a zaure ya kaɗa abinsa ba? Amsar da ta fara zuwa baki ita ce ƙara, watau kada ya dami maƙwabta. Wannan amsa aro ce daga birane irin na Turai da Amurka, inda mutane su ke zaune wani bisa kan wani a gidajen bene, kuma ba ta zauna daidai a nan ba. Ƙauyen Hausa ba wurin shiru ba ne. Injin niƙa ya fi kalangu ƙara, janareta ya fi shi naci, lasifika ta fi shi nisan zango, kuma tun da asuba mata su ke lugude a turmi ba wanda ya ɗaga kai. Abin da ya bambanta kiɗa da waɗannan shi ne kiɗa magana ne. In aka ji kalangu a unguwa, tambayar farko ita ce, me ya faru? Biki a ke yi, ko suna, ko mahauta sun yi yanka, ko baƙo ya sauka? In gangar noma ce, gayyar wa? Mai koyo da ya kaɗa a gidansa ya yi shela ke nan ba da labari ba, kuma yara za su cika masa ƙofar gida kafin ya gama ɗaura maratayi.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Yawancin abin da a ke kaɗawa take ne, take kuwa yana da mai shi. Wanda ya kaɗa taken wani ya kira shi, in kuwa mahauci ne ko ɗan tauri ko ɗan dambe, ya tsuma shi, ya kuma ɗora masa nauyin kyauta. Mai koyo da ya yi ta maimaita taken wani sau hamsin, yana karya shi a tsakiya, yana sake ɗaukowa a gurguje, bai san ko ya yi yabo ko ya yi zambo ba. A fada kuwa abin ya wuce kunya ya kai ga doka, domin tambari na sarki ne, ba a buga shi sai don sarki, a lokutan da aka sani, kamar naɗi da daren salla. Wanda zai gaji bugun tambari ba shi da ikon ya fito da shi ran Talata da hantsi don gwaji. Ashe ke nan matsalar koyo a ɓoye ba baƙuwa ba ce da ta zo da zamani. Ta daɗe a tsakiyar sana'ar, a wurin da ya fi kowane wuri gado, kuma a nan ne ya kamata tambayar mai bincike ta tsaya ta daɗe.

Sai kuma zancen daraja da na addini. Smith ya nuna yadda a ke sa makaɗa da maroƙa a sahun ƙasa tare da mahauta, kuma ko da ya ke kuɗi da rediyo sun ɗaga waɗansu, kalmar maroƙi ba ta bar cizo ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji waƙa ba, kuma sananne ne cewa mahaifinsa bai so ya shige ta ba. Shi ma fa mawaƙi ne, makaɗansa daban. Malaman jihadi sun soki yawan kaɗe-kaɗe na sarakunan Haɓe, kamar yadda ya zo a Kitab al-Farq na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma Veit Erlmann ya tattara maganganunsu a kan kiɗa a littafinsa na 1986. Bayan Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, ta kuma kafa hukumar tace fina-finai a 2001, mutane sun ƙara taka-tsantsan da duk abin da ya shafi kiɗa a bainar jama'a. Amma a lura da bandiri. A zawiyoyin Ƙadiriyya, musamman tun zamanin Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, magidanci ya kan zauna cikin 'yan'uwansa ya kama bandiri ba tare da ya ji ya zubar da girma ba. Wannan ya isa ya nuna cewa ba shekaru ne ke hana babba koyo ba, ba kuma taurin hannu kaɗai ba. Abin da ke hana shi shi ne rashin wurin da kuskurensa ba zai zama abin magana ba.

Ɗan gado yana da wannan wuri tun yana ƙarami. A kan rataya masa kuntuku ko ɗan karɓi ya bi ubansa kasuwa da gidajen biki, yana riƙe da bugu ɗaya wanda ba ya sakewa, uban yana magana da babban kalangu a bisansa. In yaron ya kuskure, ƙarar manya ta rufe shi, sai dai harara ko ranƙwashi. Watau shi a cikin ƙara a ke ɓoye koyonsa, shekara da shekaru, har ranar da za a miƙa masa kalangu. Babba kuwa ba shi da wannan mayafi. Gemu ba ya bin makaɗa da kuntuku a wuya. Shi ya sa ya ke neman ya ɓoye nasa koyon a cikin shiru, kuma a nan ne ya kan faɗa hannun shawarar da aka yanka don wata ganga daban.

Shawarar ita ce ta makaɗan Turai. Su suna da wani faifan roba da a ke bugu a kai maimakon ganga, suna da littattafan horon hannu irin Stick Control na George Lawrence Stone, na 1935, sa'an nan tun daga wajen 1981 aka sami gangunan lantarki, har kamfanin Roland ya fito da masu fuskar raga a 1997, waɗanda mai kiɗa ya ke ji a kunnensa shi kaɗai. Waɗannan dabaru sun yi wa masu su amfani, domin ƙaramar gangar soja murya ɗaya gare ta. Abin da a ke nema a wurinta shi ne daidaiton hannu biyu da saurin sanda, kuma roba tana iya koyar da wannan. Da aka kawo dabarar gida sai ta zama a lulluɓe fatar kalangu da tsumma, ko a yi ta bugun matashin kai, ko cinya. Wanda ya ba malamin Ajingi wannan shawara bai yi masa ƙarya ba, amma rabin gaskiya ya ba shi, kuma rabin da ya rage shi ne kalangun.

Dalili kuwa yana cikin harshe. Hausa tana rarrabe kalmomi da abu biyu waɗanda rubutun boko ba ya nunawa. Na farko karin sauti: kuka na hawaye sama ya ke da sama, kuka ta miya kuwa sama ce da ƙasa, wuya na jiki sama da ƙasa, wuya ta wahala ƙasa da sama. Na biyu nauyin gaɓa: gari na mutane da gari na tuwo karinsu ɗaya, ƙasa da sama, amma gaɓar farko ta na mutane gajeriya ce, ta na tuwo doguwa. Kalangu ba shi da baƙi, ba shi da wasali. Abin da ya ke iya faɗi shi ne waɗannan biyu kaɗai. In makaɗi ya matse tsirkiya a hammata fata ta ɗaure murya ta hau, in ya saki ta sauka, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu kuma ita ce nauyin gaɓa. Abin mamaki a nan shi ne boko ya riƙe abin da kalangu ya zubar, ya zubar da abin da kalangu ya riƙe. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna karin sauti da tsawon wasali, haka na Abraham, amma littattafan makaranta ba su bi su ba. Saboda haka malamin da ya fi kowa karatun boko ya kan zama shi ne bai taɓa lura da cewa muryarsa tana hawa da sauka bisa ƙa'ida ba. Almajirin da ya saba da ajami ma ya fi shi kusa, domin ajami yana nuna dogon wasali, ko da ya ke shi ma bai nuna kari ba.

A gwada da magana ta yau da kullum, gari ya waye. Gaɓa biyar ce. Ta farko gajeriya ce a ƙasa, uku na tsakiya dogaye ne a sama, ta ƙarshe doguwa ce a ƙasa. Mai kalangu zai buga ta farko tsirkiya a sake, ya yi maza ya matse ya buga uku a natse, ya saki ya buga ta biyar. Wanda ya yi wannan a kan matashin kai zai sami tazarar daidai, gajere ɗaya da dogaye huɗu, amma bugu biyar ɗin murya ɗaya za su fito, kuma hammatarsa, wadda ita ce harshen kalangu, ba ta yi aikin kome ba. In ya yi wata shida a haka, ranar da ya rataya kalangu zai tarad da hannun dama ya yi nisa ya bar na hagu a baya, kuma gyaran wannan ya fi koyon farko wuya.

Har wa yau akwai abin da ya fi wannan laushi. A cikin jimla, karin sama da ya biyo bayan karin ƙasa ba ya komawa inda na farko ya ke, sai ya ɗan gaza. In aka ce Audu ya tafi gida, muryar tana gangarowa ne kamar matakala: gaɓar ya ba ta kai tsayin Au ba, fi kuma ba ta kai ya ba. Saboda haka ba matsa biyu kaɗai hammata za ta koya ba, sama da ƙasa, sai ta koyi matsa mai daraja-daraja, kuma wannan ne ke sa a ji kalangun gwani kamar mutum, na ɗan koyo kuwa kamar ƙararrawa. Sa'an nan ga karin faɗau, irin na yau, da mai na miya, da kai na jiki, da gaɓar farko ta yara, wanda ba ya sauka sai a gaɓa mai nauyi. Kalangu yana fitar da shi ne da bugu ɗaya, a buga a matse, a saki tun amon bai mutu ba. To, tsumman da aka lulluɓa wa fata amon ya ke kashewa. Watau dabarar da ta hana maƙwabci ji ita ce ta hana mai koyo jin abin da ya fi bukatar ya ji.

Kada a ɗauka cewa kalangu yana faɗin duk abin da baki ya faɗa. Riga da hula da garin tuwo bugunsu ɗaya ne, haka mota da tuta da kukar miya, haka rana da kifi. Mai sauraro ba ya fassara kiɗa kalma kalma, sai dai ya gane taken da ya riga ya sani. Masu nazarin ganguna masu magana a wasu ƙasashe sun daɗe da ganin haka, tun daga Rattray a Ashanti a 1923, da George Herzog a Laberiya a 1945, da John Carrington a Kwango a 1949, har zuwa Nketia a kan kiɗan Akan a 1963. Amma wannan rauni na ganga shi ne ƙarfin babba mai koyo. Yaro ɗan shekara bakwai yana koyon take da bugu a lokaci ɗaya. Mutumin Gaya mai shekara 35 kuwa ya yi shekara talatin yana jin taken mahauta ran kasuwa, da na manoma a gayya, da na sarki ran hawan salla. Kunnensa a cike ya ke. Abin da ya rage masa shi ne ya san abin da ya sani, watau ya iya tsaga magana gaɓa gaɓa ya ce wannan sama ce, wannan ƙasa, wannan doguwa. Wannan kuwa aikin aji ne, malamin harshe yana iya koyar da shi da alli, kuma ba ya tada ko kaza.

Hanyar shiru da ta dace da kalangu, ashe, ta baki ce kafin ta hannu. Duk wanda ya zauna da makaɗa ya san su kan kaɗa kiɗa da baki in suna nuna wa yaro, ko suna tuna wa juna wani take, kuma yara a dandali su kan kwaikwayi ganga da baki ba wanda ya koya musu. A Indiya an mai da irin wannan ilmi mai zaman kansa, kowane bugun tabla da gaɓar da a ke kiransa da ita, ɗalibi ya kan haddace kiɗa da baki kafin a bar shi ya taɓa fata. A. M. Jones ya rubuta irin waɗannan gaɓoɓi na makaɗan Ewe a littafinsa na 1959. Kiɗan baki na Hausa ya cancanci irin wannan kula: a rubuta gaɓoɓin da makaɗa su ke amfani da su, a ga wace ce ta bugun sake, wace ce ta bugun matse, a ga ko na makaɗan mahauta sun yi daidai da na makaɗan fada. Mai ilmin harshe ne ya fi dacewa da wannan aiki, domin kayan awonsa ne a ke bukata, kuma ƙamus irin na Ames da King, wanda aka gina bisa sunayen abubuwa da na mutane da na lokuta, ba a nan ƙarfinsa ya ke ba.

Bayan baki sai hammata, ita ma tana koyuwa a ɗaki. Mai koyo ya rataya kalangu yadda a ke rataya shi, ya ajiye makaɗi gefe, ya riƙa taɓa fata da tsokar yatsa, yana faɗin maganar a hankali yana matsa tsirkiya tare da ita. Amon da zai fito kaɗan ne, ba zai wuce ɗakin ƙasa mai kaurin bango ba, amma amo ne mai rai, yana hawa yana sauka, har faɗau ana ji. Ɗakin bulo mai rufin kwano ya fi tona asiri, darnin kara kuwa ba ya riƙe kome. Wannan ma abin lura ne ga wanda ya ke ƙauye. A nan mata sun riga maza. Shantu abin kiɗan cikin gida ne, amonsa bai cika ƙetare katanga ba, kuma kiɗan ƙwarya da Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta fito da shi duniya, a tsakar gida ya girma, a hannun matan da yawancinsu ba 'ya'yan makaɗa ba ne. Littattafan da suka ce gado suka yi shiru, da sun leƙa nan da sun ga makarantar 'yan haye a buɗe.

Abin da ɗaki ba zai bayar ba shi ne makaɗi, watau sandar nan mai lanƙwasa. Nauyinta, da yadda ta ke dawowa daga fata, da wurin da za ta sauka don amo ya fito tas, ba a sanin su sai an buga da ƙarfi. Fata kuma tana da halinta: da damina ta kan yi sanyi ta saki, da hunturu ta ɗaure, kuma hannu ba ya sanin wannan sai ya sha gamuwa da shi. A nan mutumin Gaya da Ajingi ya fi na birni sa'a, domin yana da gona. Bayan an kawar da amfani, da rani, fili ya kan buɗe, mutum ya yi tafiyar rabin sa'a bayan gari ya zauna a gindin kuka ya kaɗa iyakar ƙarfinsa, ba mai jinsa sai makiyayi. Sai dai ya kiyaye taken mutane, ya yi ta gwaji da maganar da ba ta kowa ba.

Ko gonar ma ba ta gama biyan bukata ba. Kalangu ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai ɗan karɓi da kuntuku da ke riƙe masa ƙasa, akwai mawaƙi da 'yan amshi, akwai mai rawa wanda ƙafarsa ke gaya wa makaɗi ya ƙara wuta ko ya sassauta. Wanda ya koya shi kaɗai ya kan saba da tsayawa in ya kuskure, ya koma farko, a fage kuwa ba a komawa. Samarin da suka koyi kiɗa a kan fiyano a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, tun bayan da fina-finan Hausa suka kunno kai a 1990, sun warware matsalar shiru gaba ɗaya, domin abin ji suna sa shi a kunne, muryar kalangu kuma tana cikin na'ura. Amma muryar da ke cikin na'ura an ɗauke ta ne a matse ko a sake, ba ta san Audu ya tafi gida ba, ba ta kuma kallon ƙafar kowa.

Kwalejin horon malamai tana da abin da gida da gona ba su da shi, watau wurin da babba zai yi kuskure a gaban tsararrakinsa ba a kai labari unguwa ba, kamar yadda zawiya ta ke ga mai bandiri. In aka gayyato makaɗin mahauta daga kasuwar Gaya ya zauna da ɗalibai goma, a biya shi ladan malami ba kyautar maroƙi ba, sai a ba kowane ɗalibi kuntuku ko ɗan karɓi ya riƙe bugu ɗaya, shi kuwa ya yi magana da babban kalangu a bisansu. Malamin harshe yana gefe da alli, yana rubuta gaɓoɓin da makaɗin ya faɗa da baki kafin ya buga, yana sa musu alamar kari da ta tsawo.